Dafaffiyar Madara ko Ɗanya? Haske Yana Iya Faɗa

A ƙasar Gure nono abinci ne, kuma dukiya ne. Da shi ake dama fura, da shi ake karya kumallo. Da kuɗinsa matan makiyaya suke sayen hatsi da gishiri da sabulu. Idan damina ta sauka, ciyawa ta fito a kan tuddai, madara takan wadata tun daga rugagen Kelle har zuwa kwaruruka na Gidigir da Bune. Ranar kasuwa za ka ga ƙore a jere, kowace an rufe ta da faifai.

Amma akwai tambaya guda da mai saye ba ya iya amsa wa kansa. Shin wannan madara ta ga wuta, ko ba ta gani ba? Sai dai ya tambayi mai talla, ya kuma yarda da abin da ta faɗa. Yawancin masu tallan nono mata ne masu gaskiya. To, amma nono yakan bi hannu biyu ko uku kafin ya iso kasuwa. Wadda take sayarwa ba lalle ne ita ta tatsa ba. Saboda haka masana suka daɗe suna neman hanyar da madara za ta ba da shaida da kanta. Sun samu hanyoyi, kuma mafi sauri a cikinsu ita ce ta awo da haske.

Me ya sa tambayar take da nauyi?

Ƴan uwa makiyaya sun san ciwon bakkale. Saniya takan yi ɓari bayan cikinta ya tsufa. Wani lokaci mabiyiya ta ƙi fita. Wani lokaci gwiwar dabba ta kumbura, ta tara ruwa. Ƙwayar wannan cuta tana fita a cikin madara, ko da saniyar tana kiwonta lafiya lau. Tana kama shanu da awaki da tumaki da raƙuma. Mutumin da ya sha ɗanyar madarar yana iya kamuwa. Sai masassara ta riƙa zuwa tana tafiya. Ya yi ta zufa cikin dare, gaɓoɓi da baya su riƙa ciwo, ƙarfinsa ya ragu. Sau da yawa akan ɗauka masassarar cizon sauro ce, a yi ta shan maganinta, ba sauƙi. Alhali maganin bakkale daban ne, kuma sai an yi mako 6 ana shan sa.

A tsibirin Malta, can cikin tekun Bahar Rum, aka fara gane wannan. Sojojin Ingila da ke zaune a wurin suna ta kwanciya da wata masassara. A shekara ta 1887 wani likita mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya nuna cewa daga madarar awaki take fitowa. Aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, sai cutar ta ja baya ƙwarai a barikinsu.

Cuta ta biyu ita ce tarin fuka na shanu. Idan ta shiga mutum ta hanyar madara, ba kullum take fara da tari ba. Takan kumbura kaluluwar wuya, ko ta kama ciki, musamman ga yara. Akwai kuma masassarar Rift, wadda ta ɓulla a Cintabaradan cikin jihar Tawa a 2016. Dabbobi suka yi ta ɓari, mutum fiye da 30 suka rasu. Ita wannan ta fi kama masu taɓa jini da naman dabbar da ba ta da lafiya, amma a lokacin ma an gargaɗi jama'a su daina shan ɗanyar madara.

Wani zai ce ai tsami yana kashe cuta. Gaskiya ne tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin cuta. Amma ba ya kashe su duka. Ƙwayar tarin fuka da ta bakkale suna iya yin kwanaki da ransu a cikin nonon da ya kwana. Wuta ce take gamawa da su.

Zafi nawa ne yake isa?

A 1865 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya nuna cewa ɗumama abin sha yana kashe ƙananan halittun da suke ɓata shi. Daga baya aka ɗauki wannan dabara aka kai ta ga madara. A masana'anta ana auna zafin da ma'auni. Ko dai a riƙe madara a kan digiri 63 har minti 30, ko a kai ta digiri 72 na daƙiƙa 15. Wannan ya isa ya kashe ƙwayar tarin fuka da ta bakkale. Madarar kwali kuwa, wadda take yin watanni ba ta lalace ba, ana kai ta digiri 135 ko fiye na ƴan daƙiƙoƙi. Tukunyar gida tana tafasa a wajen digiri 100. Ke nan uwargida da ta bari madara ta tafasa har ta taso, ta wuce abin da masana'anta take nema.

Madarar da ta tafasa sosai tana da alama. Takan yi yana a samanta, takan yi ƙanshin dahuwa. Amma idan an kwashe yanar, aka yi kindirmo, aka kwana, aka dama da fura, wa zai iya rantsuwa? Wadda aka ɗumama a digiri 72 kuwa, ido da harshe da wuya su raba ta da ɗanya. Haka ma idan an zuba ludayi biyu na ɗanya a cikin dafaffiya.

Wuta tana barin sawu

Mai bin sawun raƙumi a cikin rairayi ba ya bukatar ganin raƙumin. Sawu yana gaya masa ya wuce, da kaya ko ba kaya. Haka wuta take barin sawu a cikin madara. Sawun iri uku ne.

Na farko, a cikin ɗanyar madara akwai wasu sinadarai masu aiki da suke fitowa daga jikin saniya. Zafi yana kashe aikinsu. Ƙasar Danmak, a Turai, ita ta fara amfani da wannan. A 1898 ta yi doka cewa duk madarar da aka cire wa mai, za a mayar wa manoma su ba maruƙa, dole a dafa ta, don kada tarin fuka ya bi garke garke. Amma ta yaya hukuma za ta san an bi dokar? A wannan shekara wani masani mai suna Storch ya fito da gwaji. Ana ɗiga magani a cikin ƴar madara. Idan ta rikiɗe ta yi shuɗi, zafinta bai kai digiri 80 ba. Idan ta tsaya fara, ta dahu. A 1935 masana a Ingila suka kawo wani gwajin, na sinadarin da ake kira fosfatas. Shi wannan yana da wani hali mai amfani: ya ɗan fi ƙwayar tarin fuka jure zafi. Don haka idan an duba ba a same shi ba, an san ita ma ƙwayar cutar ta mutu. Har yau masana'antun madarar shanu suna dogara da wannan gwaji.

Sawu na biyu yana cikin furotin, wato sinadarin da yake gina jiki. Dubi ƙwai. Ɗanyensa ruwa ne. Da ya ji wuta sai farinsa ya daskare, ba ya kuma komawa ruwa. Wani kashi na furotin ɗin madara haka yake. Idan zafi ya haura digiri 70 sai ya fara sauya kama. Gwargwadon wutar, gwargwadon abin da ya sauya.

Sawu na uku kowa ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne yake sa bayan burodi da ƙosai su yi ja. Madara tana da nata sukari. Idan wuta ta yi yawa, sukarin yakan haɗu da furotin, su haifi wasu sababbin abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa. Shi ya sa madarar gwangwani ba ta kai ta saniya fari ba. Wani Bafaranshe, Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912. Tun kafin ido ya ga launin, abubuwan sun fara taruwa.

Yadda haske yake karanta sawun

Kowa ya ga bakan gizo bayan ruwa. Hasken rana da muke gani fari, ashe launuka ne a haɗe. Ɗigon ruwan sama ne yake rarraba su. A 1666 Isaac Newton na Ingila ya rarraba su da wani gilashi mai kusurwa uku. A 1800 William Herschel ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launi, inda ido ba ya ganin kome. Sai ma'aunin ya hau. Ta haka aka san akwai ɓoyayyen haske a gefen ja. Ba a daɗe ba aka gano wani ɓoyayyen a ɗaya gefen, bayan launin shunayya.

Mai karatu ya taɓa gamuwa da su duka biyu. Ma'aunin da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin annobar korona, a 2020, ɓoyayyen hasken gefen ja yake karantawa. Ƴar fitilar da ma'aikacin banki yake haska takardar kuɗi da ita kuwa, ta gefen shunayya ce. Takardar gaskiya tana da zane da yake ƙyalli a ƙarƙashinta, jabu ba ta da shi.

To, kowane sinadari yana da irin hasken da yake shanyewa, da irin wanda yake mayarwa. Mai yana da nasa, sukari yana da nasa, furotin yana da nasa. Na'urar awon haske, wadda masana suke kira sifektirometa, aikinta ke nan. Tana da fitila a ciki. Tana aika haske cikin ƴar madarar da ba ta cika cokali ba. Sannan ta rarraba hasken da ya fito, kamar bakan gizo, ta auna kowane sashe. Sai ta zana layi mai tudu da kwari a fuskar kwamfuta. Layin ɗanyar madara daban, na dafaffiya daban.

Ga misali guda dalla-dalla. A 1998 wata masaniya a Faransa, Birlouez-Aragon, tare da abokan aikinta, suka fito da hanyar da suka sa wa suna FAST. Ana zuba wa madara ɗan ruwa mai tsami har ta kame. A tace, a ɗauki ruwan da ya fita. Sai a haska shi da ɓoyayyen hasken gefen shunayya, sau biyu. A haskawa ta farko furotin ne yake ƙyalli. Idan madarar ɗanya ce, furotin da yawa yana nan cikin ruwan, ƙyallin ya yi ƙarfi. Idan ta sha wuta, furotin ɗin ya sauya kama ya maƙale a matata, ƙyallin ya yi rauni. A haskawa ta biyu abubuwan nan masu launin ƙasa-ƙasa ne suke ƙyalli, su kuwa ƙaruwa suke yi da wuta. Ɗaya yana sauka, ɗaya yana hawa. Idan aka gwada su da juna, sai a san ko madarar ɗumi kawai ta ji, ko tafasa ta yi, ko irin ta kwali ce. Aikin ƴan mintuna ne. Daga baya an ƙera wasu na'urorin da ake haska madara kai tsaye, ba sai an tace ba. Shi kansa gwajin fosfatas, a yau da na'urar haske ake karanta shi.

Madarar gari da sunan ta saniya

Akwai wani amfani da ya shafi aljihun makiyayi. Nijar tana da dabbobi masu yawa, duk da haka tana sayo madarar gari daga waje. Da rani, idan shanu suka ƙafe, yawancin nonon da ake sayarwa a birane da ita ake yin sa. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya. Laifin shi ne a dama gari da ruwa a ce daga hantsar saniya ya fito. Wani garin ma an cire masa man shanu, an sa masa man kwakwar manja, shi ya sa yake da araha. Tun 2018 ƙungiyoyin makiyaya na Afirka ta Yamma suke kamfe don a kare madarar gida daga irin wannan gasa.

Madarar gari ta sha wuta wajen busarwa, ta kuma yi watanni a buhu. Don haka sawu na uku yana da yawa a cikinta. Na'urar haske tana iya nuna shi, ko da yake idan garin da aka zuba kaɗan ne, ganewa tana da wuya. Na'urorin da suke aiki da hasken gefen ja kuma suna auna mai da furotin da sukari, su tona asirin ruwan da aka ƙara. A cibiyoyin tara madara na kewayen Yamai, irin na Hamdallay da Kollo, kayan awo masu sauƙi ake fara dubawa da su: ma'aunin kauri don gane ruwa, da gwajin da yake nuna ko madara ta fara tsami. Duk ranar da masu nono na Gure suka haɗa kai don kai kayansu Damagaram, tafiyar kilomita wajen 160, irin wannan awo za su tarar. Mace mai gaskiya ita za ta fi kowa cin ribarsa, domin ba za a ƙara yi mata kuɗin goro da mai algus ba.

Inda na'ura take tuntuɓe

Kada mai karatu ya ɗauka na'urar nan ta san gaibu. Sai an koya mata tukuna. Ana ba ta madara iri iri da aka san asalinsu, ɗanya da dafaffiya, har ta riƙe layin kowace. Yawancin na'urorin da madarar shanun Turai aka koya musu. Madarar shanunmu, Azawak da jajayen shanun Bororo da Kuri na tafkin Cadi, ta fi tasu mai, kuma tana sauyawa tsakanin damina da rani. Wanda ya kawo na'ura bai daidaita ta da madarar ƙasa ba, zai iya ɗora wa mai gaskiya laifi.

Madarar raƙumi ta fi ba da mamaki, kuma wannan ya shafe mu, mu da muke maƙwabtaka da Tasker. Furotin ɗin da ya fi nuna sawun wuta a madarar saniya, babu shi sam a madarar taguwa. Fosfatas ɗinta kuma yana da taurin kai, ba ya mutuwa a digiri 72. Idan aka yi mata gwajin saniya, sai gwajin ya ce ɗanya ce, alhali an ɗumama ta daidai. Masana sun koma neman wasu sinadarai dabam don awon ta. Wannan bai nuna cewa madarar raƙumi ba ta ɗaukar cuta ba. Mutane da yawa suna shan ta ɗanya don neman lafiya, amma bakkale yana kama taguwa kamar yadda yake kama saniya.

Raba ɗanya da wadda aka ɗumama kaɗan shi ne ya fi yi wa na'ura wuya, domin sawun bai yi zurfi ba. Babban abin lura kuma shi ne wannan: na'urar sawun wuta take gani, ba ƙwayar cuta ba. Madara tana iya tafasa da safe, a juye ta a ƙwaryar da ba a wanke ba, ƙuda ya sauka, a ƙara mata ruwan tafki. Na'ura za ta ce ta dahu, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma yaron da ya sha zai yi zawo.

Abin da yake hannunmu

Kayan awon haske na ɗakin bincike ne da masana'anta. Suna da tsada, suna son lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Tsakanin Gure da Yamai akwai fiye da kilomita 1000. Ba da su ake awon nono a kasuwannin ƙauye ba. A ganinmu, wanda ya sayi madara bai ga dahuwarta da idonsa ba, ya ɗauke ta ɗanya ce, ya ɗora ta a wuta. Tafasa ta biyu ba ta ɓata kome.

A tace madara da tsumma mai tsabta. A ɗora ta ana motsawa don kada ta kama, har ta tafasa ta taso. A sauke, a rufe. Idan kindirmo za a yi, a bari ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sannan a zuba ɗan tsohon nono. Shi ma tsohon nonon ya zama daga dafaffiyar madara ya fito, in ba haka ba an mayar da cuta inda aka kore ta. Ƙwarya da ludayi a wanke su da ruwan zafi, a shanya a rana. Ruwan dama fura shi ma ya zama mai tsabta. Cuku da aka yi da ɗanyar madara, busarwa kaɗai ba ta ba da tabbaci.

Akwai masu cewa dahuwa tana kashe amfanin madara. Abin da take ragewa kaɗan ne daga wasu bitamin. Mai da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi suna nan. Akwai kuma masu cewa dafa madara yana ƙafar da hantsar saniya. Saniya ba ta san abin da ya faru a murhu ba. Yunwa da ƙishirwa da ciwon hantsa su suke ƙafar da ita. Kukan da ya fi gaskiya shi ne na itace. A ƙasar da rairayi yake cin gonaki da kwaruruka, kowane icce yana da daraja. Amma lita biyu ba ta cin wuta da yawa. Ana iya ɗora ta a bayan tukunyar tuwo, kafin wuta ta mutu, ko a yi amfani da murhu mai tattalin itace irin Mai Sauƙi.

Abu guda ne wuta ba ta gyarawa. Dabbar da aka yi wa allurar maganin cuta, maganin yakan fita a madararta na ƴan kwanaki, kuma tafasa ba ta kawar da shi. A tambayi likitan dabbobi ranar da za a koma sha da sayarwa.

Idan saniya ko akuya ko taguwa ta yi ɓari, kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara. A binne shi da zurfi, a ware dabbar, a sanar da ma'aikatan kiwo na Gure. Suna iya ɗibar jini a aika LABOCEL, ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, wanda yake da reshe a Damagaram. Wanda kuma masassara ta ƙi sakinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, ya koma gidan likita. Ya faɗa musu yana shan ɗanyar madara, ya kuma faɗa idan an yi ɓari a garkensa, domin su san irin gwajin jinin da za su yi masa.